Ranar da Sybren Ya Ba da Aron Inji

Duk wanda ya taɓa leƙa kulob ɗin ƙananan motocin tsere masu rimot da ke bayan gonakin dankali a gefen garin Dokkum ya san abu biyu. Auke Terpstra ya fi kowa hannu, Sybren Wiersma ya fi kowa kunne. To, hannu ne ke cin kofi, kunne kuwa sai dai a ce masa an gode. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, duk lokacin da aka yi babban tseren rufe shekara, Auke ne ke ɗaga kofi, Sybren yana tsaye a gefensa yana murmushin yaƙe. Wata shekara ya zo na biyu, wata shekara na uku, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga gaban Auke ba.

Bana kuma Auke ya sayar da gidansa. Zai koma kudu kusa da 'yarsa kafin sanyi ya kankama, don haka wannan ne tserensa na ƙarshe a filin. Idan Sybren bai doke shi yau ba, to magana ta ƙare, sai dai ya tsufa da abin a ransa. Kuma abin yana cinsa, ba ya ma ɓoyewa.

Shi ya sa tun hunturun bara ya fara shiri. Ya tuƙa har Groningen, ya sa mai shago ya fito masa da injuna daga kwalayensu ɗaya bayan ɗaya. Kowanne bai wuce ya zauna a tafin hannu ba. Sybren bai kalli wanda ya fi ƙyalli ba, bai saurari wanda aka ce ya fi ƙarfi ba. Sai ya ɗauki inji ya kai kusa da kunnensa, ya murza shi a hankali da babban yatsa, yana jiran inda fistin zai cije a sama. Wanda ya cije da kyau ba tare da kurji ba, shi yake nema. Har mai shagon ya gaji ya koma ya zauna. A ƙarshe ya zaɓi wani ƙirar Italiya mai jan kai, ja wur, ya biya, ya dawo gida yana fito.

Daga nan aka shiga raino. Sabon inji ba a sakar masa gudu, sai an bi shi a hankali har ƙarafan ciki sun saba da juna. Duk yamma in ya taso daga aiki, Sybren yana filin bayan gidansu da motarsa, ya buɗe allurar mai har injin yana tari yana zubar da shuɗin hayaƙi, ya bar shi ya sha tanki guda, ya kashe, ya jira ya huce, ya sake. Wankin da matarsa Tjitske ta shanya duk ya ɗauki warin man zurma. Ta yi faɗa har ta gaji.

"Ni da na haifa maka 'ya'ya biyu," in ji ta, "ban ga ka yi musu rabin wannan lallashin ba."

"Su ai suna da uwa," ya ce.

Ita wannan allura, ita ce duk sirrin. Ka matse ta, mai ya ragu, inji ya ɗauki kuka mai daɗi, mota ta yi ta tashi. Amma man da ke shafe ƙarafan yana cikin man naitiro da injin ke sha ne, don haka duk wanda ya matse da yawa, yunwa da ƙishi yake haɗa wa injinsa. Ka buɗe ta da yawa kuma, mota ta yi nauyi tana tafiya kamar mai ciwon baya. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba, kuma yana matsawa da sauyin iska. Sybren da kunne yake gano shi. Auke kuwa bai taɓa haƙurin nema ba, shi dai a matse, a tafi.

Ranar Lahadin tseren ta zo da iska mai sanyi daga teku. Ƙasar filin ta sha yayyafi da asuba ta kwanta lumui. Sybren ya wuce zagayen kusa da na ƙarshe ba tare da ya wahalar da injinsa ba, ya sauko daga dandamalin direbobi ya tsaya a bakin shinge don ya ga rukunin Auke.

Tun a zagaye na uku ya ɓata fuska. Motar Auke tana gaba kamar kullum, tana tsallake tudu tana dira daidai, amma bayanta babu hayaƙi, kuma kukanta ya yi siriri ya bushe.

"Zai kashe shi," Sybren ya ce wa Tjitske. "Iska ta yi sanyi, inji yana neman ƙarin mai, shi kuma ya ƙara matsewa."

"To ina ruwanka?"

"Babu. Tausayin injin nake ji."

Auke ya ƙetare layi a matsayi na ɗaya. Bai kai kwanar farko ba aka ji ƙwas, sai shiru. Motar ta gangara ta tsaya ita kaɗai. Da Hidde, ƙanin matar Auke wanda ke zuba masa mai, ya ɗauko ta ya murza injin, ko motsi bai yi ba. Fistin ya kama, ya manne. Aka tambayi injin ajiya, Auke ya sosa ƙeya. Ai yana cikin kwali, kwalin kuma yana cikin motar kayan da ta tafi kudu tun ranar Juma'a.

A kulob ɗin nan ana aron taya, ana aron fulogi, ana aron mai, har burodi da cuku ana rabawa. Amma inji ba a ara, ba a ma roƙa. Wata da watanni mutum yake yi yana rainonsa, wani kuma zai iya ƙona shi cikin ɗan lokaci kaɗan, ballantana Auke da kowa ya san halinsa. Shi kansa bai ɗaga ido ya kalli kowa ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya fara kwashe sukudirebobinsa yana jerawa a akwati.

A rumfar abinci aka yi ta bubbuga kafaɗar Sybren. Wani ya ce banza ta faɗi, wani ya ce yau kofi ya san hanyar gidan Wiersma. Baukje, matar da ke riƙe da lasifika tana kiran sunaye, ta ce bayan hutun rana za ta sanar cewa Auke ya fita. Sybren yana zaune da kwanon miyar wake mai kauri a gabansa, cokali a tsaye a ciki, bai kai ko loma ɗaya baki ba. Shekara ashirin yana jiran wannan rana, ga ta ta zo, amma bakinsa ɗaci yake yi. Ba kofi yake so ba. So yake ya ga motar Auke a bayan tasa, a kan ƙasa, kowa yana kallo.

Tjitske ta ajiye gahawarta ta ƙura masa ido.

"Na san wannan fuskar, tsoho. Kada ka soma."

"Ban ce komai ba."

"Ba sai ka ce ba. Shi ya kashe injinsa da hannunsa, ba kai ba. Kai ka yi shiri, shi bai yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"In na ci babu shi, wa na doke?"

"Mutum takwas."

"Ba su nake nema ba."

Ta yi tsaki, ta jawo kwanon miyar gabanta ta fara sha, tana cewa ba za a yi asarar abinci ba tunda mai shi ya haukace.

Sybren ya koma teburinsa. Ya kwance sabon injin daga motarsa, ya ciro tsohon injinsa na shekara uku daga cikin tsumma. Ya riƙo su biyun, ɗaya a kowane hannu, ya ratsa rumfunan gyara har teburin Auke, ya dire su a gabansa. Hirar da ake yi a kusa ta mutu.

"Zaɓi ɗaya, Terpstra."

Auke ya kalli injunan, ya kalle shi. Dogo ne, mai farin gashi, bakinsa ba ya shiru.

"Miyar Baukje ce ta bugar da kai?"

"Lokaci yana tafiya. Zaɓi."

Auke ya ɗauki mai jan kan ya murza da yatsa. Ya ji yadda ya cije, ya saki da wata 'yar ƙara mai tsafta, sai girarsa ta ɗaga. Ya ajiye shi a hankali. Ya ɗauki tsohon ya murza, wannan kam ya yi laushi, ya sha duniya. Ya jawo tsohon gabansa.

"Wannan ya ishe ni."

Nan fa ran Sybren ya ɓaci, har kunnuwansa suka yi ja. "Tausayina kake ji? Ka ɗauki tsoho don gobe ka zauna a kudu kana gaya wa jikokinka cewa Wiersma ya ci ne don ya ba ka gurgun doki?"

"Kai kuma so kake a ce na ƙwace wa mutum injin da ya yi wata tara yana goyo? Ban kai can a rashin kunya ba."

"Ka kai, ka wuce. Ɗauki sabon."

"Ba zan ɗauka ba."

Da sun kai yamma a haka, don kar ta san kar ne, kowannensu taurin kansa ya ishi gari. Sai Tjitske ta iso tana goge baki da hankici. Ta ɗauki mai jan kan ta danƙa a hannun Auke, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Auke, ka rufa mini asiri ka karɓa. Kai tafiya za ka yi, ni ce zan zauna da shi. In ka ɗauki tsohon, ko ya ci ko bai ci ba, ba ni da sauran kwanciyar hankali a gidan nan."

Aka yi dariya. Auke ma ya yi, amma idonsa bai yi ba.

"Da sharaɗi," in ji Sybren. "Ni zan saita allura. Bayan nan, kai da Hidde, duk wanda ya taɓa ta sai na karya masa yatsa."

Baukje ta ƙara musu ɗan lokaci a kan hutun, babu wanda ya yi gunaguni. Hannuwa suka yi yawa a kan motocin biyu, wani yana ɗaura salansa, wani yana daidaita giya. Sybren ya fara da motar Auke. Ya tayar da injin, ya durƙusa, ya karkata kai. Ya ba shi wuta sau biyu, ya saurara, ya buɗe allurar da ɗan abin da ido ba zai gani ba. Ya sa Hidde ya zagaya da motar sau ɗaya, ya ga siririn hayaƙi yana binta daga kwana zuwa kwana, ya gyaɗa kai. Sannan ya koma kan tasa. Tsohon injin bai ba shi wahala ba, sun san juna.

Direbobi goma suka hau dandamali, kowa da rimot a hannu. Auke ya tsaya kusa da Sybren, kafaɗa da kafaɗa, kamar kowace shekara. A ƙasa masu zuba mai suka jera motoci, aka ɗaga tuta, aka sauke.

Tseren ƙarshe doguwar tafiya ce, yakan kusa cin awa guda, kuma ba mai saurin farko ne ke kaiwa ba. Sybren ya fara a natse. Tsohon injin ba shi da fushi, amma yana bin yatsa kamar yadda ake so, kuma ba ya shan mai da yawa. Duk shigowar da zai yi, Tjitske tana cafe motar, ta buɗe tanki, ta tsiyaya, ta jefa ta hanya kafin ya gama numfashi. Da bakinta take faɗa, amma a wannan aikin babu wanda ya kama ƙafarta.

Auke kuwa ya sha fama da farko. Ya saba da inji mai zafin kai da ke fizga tun daga ƙasa, wannan kuma a hankali yake tarawa. Ya leƙa ƙasa ya yi wa Hidde magana da ƙarfi.

"In na shigo ka matse ta kaɗan."

Hidde ya kalli Tjitske da ke tsaye kusa da shi da kwalbar mai a hannu. Ta kalle shi ita ma. Ya mayar da sukudireba aljihu.

"Na manta shi a tebur," ya amsa.

"Maƙaryaci," in ji Auke. Sybren bai juyo ba, amma ya ji daɗi har cikin ransa.

Can tsakiyar tsere Auke ya yi garaje a babban tudu, motarsa ta dira da hanci ta kife. Kafin mai tsaron kwanar ya ruga ya juya ta, mota uku sun wuce, ta farkonsu ta Sybren. Daga nan aka fara jin injunan wasu suna mutuwa, wannan zafi ya kashe shi, wancan fulogi ya ƙone. Na Sybren guda biyu ko tari ba su yi ba. Muryar Baukje ta fito daga lasifika tana cewa Wiersma ne a gaba, ta sake maimaitawa kamar ita ma ba ta yarda ba. Tafin hannun Sybren ya jiƙe da gumi duk da sanyin.

Amma Auke ya fara gane injin. Ya daina fizgarsa, ya bar shi yana tarawa. Ya wuce na uku, ya wuce na biyu. Sybren ba ya ganinsa, idonsa yana kan motarsa, amma yana jinsa. A cikin kukan injuna da yawa, ya san muryar nasa kamar yadda uba ke sanin muryar ɗansa a filin makaranta. Tana matsowa zagaye bayan zagaye.

Baukje ta ce zagaye na ƙarshe. Tazarar ta isa. Sybren ya gama doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da ke gaban dandamali, ya shiga kwanoni uku da suka rage. Abin da ake bukata kawai ya bi su lafiya. A daidai lokacin Auke ya shigo miƙaƙƙiyar hanyar a bayansa, ya danne totur har ƙasa.

Sybren bai taɓa yin haka da injin ba. Shi kullum yakan ɗaga yatsa tun kafin ƙarshen hanyar, saboda tsoron kwanar da ke gaba, saboda tausayin inji. Auke bai san wannan tausayin ba. Ya riƙe, ya ci gaba da riƙewa. Kukan ya hau, ya kai inda Sybren ya saba jinsa yana tsayawa, bai tsaya ba, ya sake hawa, tas, babu gargada, babu bushewa. Wannan ce muryar da ya yi wata tara yana nema a bayan gidansu, ya san tana ciki, amma bai taɓa jinta ba sai yanzu. Tsigar jikinsa ta tashi.

Sai ya juya kai ya kalla.

Abu na farko da ake koya wa duk wanda ya hau dandamali shi ne kada ya ɗauke ido daga motarsa, ko sama za ta faɗo. Motar Sybren ta miƙe a kwana, ta daki bututun da ke gefen hanya, ta yi tsalle ta kwanta a bayanta, tayoyi suna juyawa a iska. Jama'a suka yi wani irin nishi tare. Mai tsaron kwanar ya juya ta da sauri, amma mai jan kan ya riga ya wuce. Auke ya ƙetare layi. Sybren ya biyo shi, na biyu.

A kan dandamali Auke bai ɗaga hannu ba. Ya sauke rimot ya juyo.

"Me ya same ka, Wiersma? Kofin naka ne fa. Ban isa in kamo ka ba."

Sybren ya sauka daga matakala a hankali. Ya san abin da ya rasa, kuma ya san ba zai dawo ba. Ciwon yana nan a ƙirjinsa, ba ƙarya. Amma akwai wani abu da ya fi ciwon girma, ya cika shi har ya rasa inda zai ajiye.

Hidde ya kawo motar Auke yana riƙe da ita da hannu biyu. Mutane suka kewaye ta. Wani ya kai bayan hannu kusa da jan kan ya ce ko zafin kirki bai yi ba. Auke ya ratso su, ya tsaya gaban Sybren, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Na ƙona injuna sun fi a ƙirga a filin nan. Ban taɓa tuƙa irin wannan ba. Da tuntuni kai ke saita mini, da ban tsaya a Dokkum ba."

"Da tuntuni kana jin magana," in ji Sybren, "da ba ka bukaci aro ba."

Tjitske tana tsaye a baya da kwalbar mai, idonta ya yi ja. Ita ma shekara ashirin ta yi tana jira, a cikin ruwa da iska, gwiwoyinta a ƙasa. Ta bari sai da mutane suka bi Auke wajen kofi, sannan ta matso.

"Kwanoni uku suka rage maka, Sybren. Na ga lokacin da ka juya kai. Me ka tsaya kallo?"

Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, don ta cancanta. Amma da ya kalle ta, fuskarsa ta ƙi ba shi haɗin kai, murmushi ya ƙwace masa tun daga kunne har kunne.

"Tjitske," ya ce a hankali, "kin ji shi kuwa?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta rufe bakin kwalbar, ta goge hancinta da bayan hannu.

"Na ji shi, tsohon banza," ta ce. "Har Dokkum sun ji shi."